Gajimaren da Tsibirin Nauru ke Haifarwa

Aikin da aka ɗora mini shi ne in kwatanta hasken rana da ke isowa ƙasa a tsibirin Nauru da abin da tauraron ɗan adam ya auna daga sama. Shirin ARM (mai awon hasken rana da gajimare) na Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ne ya kafa tashar awon yanayi a tsibirin a 1998 domin ta wakilci yanayin buɗaɗɗen tekun Pasifik, kuma alƙalumanta suna nan a intanet ga mai buƙata. Tsibirin murabba'in kilomita 21 ne kacal, yana ɗan kudu da ikwaita, saboda haka da wuya mutum ya yi zargin cewa zai iya taɓa samaniyar da ke kansa.

Da na jera alƙaluman minti-minti, sai wani abu ya yi ta maimaituwa. Da sassafe awon ƙasa da na sama suna tafiya tare, amma daga hantsi zuwa la'asar hasken da na'urar ƙasa ke karɓa yakan riƙa faɗuwa yana tashi kamar haƙoran zarto, alhali tauraron yana nuna tekun da ke kewaye kusan wasai. Wani lokaci ma hasken yakan zarce abin da sararin da ba gajimare ke bayarwa, domin gefen gajimare yana watso ƙarin haske kafin inuwarsa ta rufe na'urar. Na'urar leza mai auna tsayin gindin gajimare ta nuna cewa a waɗannan sa'o'i ƙananan gizagizai ne ke wucewa a jere, ƙasa-ƙasa.

Kafin a rufe ta a 2013, tashar tana gaɓar yamma ne, iskar da ta fi yawa kuwa daga gabas take busowa. Rana takan gasa tudun tsakiyar tsibirin, inda haƙar fosfat ta bar duwatsu tsirara, kuma da yake ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iska mai laima da ta ratso wurin sai ta ɗaga sama, tururinta ya taru ya zama gajimare. Iskar ce kuma ke jan sa ta kan na'urorin, ya miƙa a kan teku, sau da yawa fiye da kilomita 100. Masana sun lura da wannan tun binciken Nauru99 na 1999, wanda jiragen ruwa Ronald H. Brown da Mirai suka shiga, daga baya kuma aka girke wasu na'urori a ɓangaren da iska ke shigowa domin kwatance.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne raba alƙaluman bisa sa'a da kuma inda iska ta fito kafin ɗaukar matsakaici. Matsakaicin wata guda yana haɗiye matsalar, ya bar mutum yana ɗora wa tauraron laifin da ba nasa ba. Dole ne kuma a duba shekara, domin a lokacin El Niño, wato sa'ad da ruwan tsakiya da gabashin Pasifik ya yi ɗumi fiye da kima, iskar gabas takan raunana ko ta juyo daga yamma, manyan hadari su mamaye yankin, tasirin tsibirin ya dusashe, a lokacin La Niña kuwa, wato sa'ad da ruwan ya yi sanyi, yakan fito fili. A rahotona na ware sa'o'in rana masu iskar gabas a jadawali dabam, na rubuta a kansa cewa waɗannan awon tsibirin ne, kada a gwada tauraron da su.