Makin JAMB ba ya shiga rumbu: shawara ga masu neman gurbin likitanci

Ƙannena masu burin karatun likita, ga abin da da yawa daga cikinmu ba mu gane ba sai da shekara ta kuɓuce mana: makin JAMB na zangon da aka rubuta shi ne kawai. Ko 300 ka ci cikin 400, da zarar an rufe ɗaukar ɗalibai na wannan zangon, makin ya tashi aiki. Sakamakon WAEC da NECO ne ba ya tsufa, shi ya sa wasu ke zaton duk ɗaya ne.

Matsalar ta fi cizo a likitanci saboda guraben kaɗan ne. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitanci a Najeriya, ita ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Sai ka ga mai maki mai kyau ya rasa sunansa a jerin farko, ya zauna jiran na biyu, ana ce masa ya ƙara haƙuri. Rajistar JAMB ta gaba kuma yawanci a farkon shekara ake buɗe ta, makonni kaɗan a rufe. Idan jami'a ta makara, musamman bayan yajin aiki irin na ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, jerin ƙarshe kan fito bayan an rufe rajistar. Wanda bai sayi sabon fom ba kuma sunansa bai fito ba, ya yi biyu babu: tsohon maki ya mutu, sabon ma sai wata shekara. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane, mu ma ya ci mu.

Don haka, in har ba ka ga admishan ɗinka a CAPS (shafin JAMB da ake fitar da admishan) ba, sayi sabon fom ranar da aka buɗe, ka ci gaba da bitar Ingilishi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks kamar ba ka taɓa rubutawa ba. Kuɗin fom ya fi sauƙi a kan shekara guda a zaune. Ka riƙe layin wayar da ka yi rajista da shi da lambar NIN ɗinka da kyau, domin ɓatan layi kaɗai na iya cinye maka kwanakin rajista.

Cikin zangon da makin ke raye kuma, kada ka bari ya lalace a banza. Je cibiyar CBT, wato inda ake rajista da rubuta JAMB a kwamfuta, a ɗora maka sakamakon WAEC ko NECO a shafin JAMB, sannan ka duba da idonka ya hau, don ba a ba wanda bai ɗora ba gurbi. Jami'o'i da dama suna son kiredit biyar ɗin, har da Lissafi, a zama ɗaya. Kada Post-UTME, tantancewar da jami'a ke yi bayan JAMB, ta wuce ka. Idan makinka bai kai na jami'ar da ka zaɓa ba, canza jami'a ko kwas tun da wuri, kafin ɗaya jami'ar ta rufe tantancewarta. In gurbi ya fito, ka karɓa a CAPS cikin wa'adin da aka bayar.

Wata magana da nake so ku yi hattara da ita ita ce "karɓi Anatomi ko Fisiyoloji, daga baya ka koma likitanci". Yana faruwa, amma ba alkawari ba ne. Wanda ya ƙudurta sai likitanci ya duba hanyar DE (Direct Entry), wato a shiga aji biyu kai tsaye, ta IJMB ko JUPEB (karatun share fagen shiga jami'a) ko bayan digiri. Shi ma fom ɗin DE na zango ɗaya ne.

Masu hangen waje su lissafa daga ranar fara karatu su dawo baya. A Birtaniya makin UCAT, jarrabawar masu neman likitanci, na shekarar da aka nema ne kawai, kuma ana rufe neman likitanci ta UCAS, hukumar neman gurbin jami'a a can, a tsakiyar Oktoba. A Amurka sai da digiri, kuma yawancin makarantu makin MCAT (jarrabawar shiga likitanci a can) na shekara 2 zuwa 3 suke karɓa, kowace da ranar da take fara ƙirge, don haka karanta ƙa'idar kowace makaranta daban. IELTS kuwa, gwajin iya Ingilishi, shekara 2 ne, kada ka rubuta shi tun kuɗin makaranta bai haɗu ba.