Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Layin da Ke Makara

Makon jiya na tsaya a inda SIWES, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, ta kai ni ɗakin binciken jini. Da farko wanke gilasai da liƙa lambobi a jikin kwalabe ne aikina, har na fara ƙorafi a zuci. Wata safiya Anti, ma'aikaciyar da aka haɗa ni da ita, ta ce, "'Yata, ajiye soson nan, zo ki ga yadda ake gwajin sikila."

Sai an wanke jajayen ƙwayoyin jini da ruwan gishiri, a fasa su, sannan a ɗiga kaɗan a kan wata siririyar takarda da aka jiƙa da ruwan sinadari mai pH 8.6 (pH ma'aunin tsamin ruwa ne), a kunna lantarki. Himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini, nau'i-nau'i ne: nau'in A yana yin gaba da sauri a kan takardar, nau'in S na sikila yana biyo baya. Mai AS layi biyu ne, mai SS layi ɗaya ne da ya makara. Anti ba ta yarda da layi kaɗai. Ta ce akwai nau'in D da ke tsayawa daidai wurin S, don haka sai ta sa wa jinin sinadarin da ke janye iskar oksijin, ta leƙa madubin likita. Da ta ba ni na leƙa, sai ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Duk wannan daga sauyin amino asid guda ɗaya, wato ɗaya daga cikin tubalan da suka gina himogulobin, a gurbi na 6 na jerinsu.

Tun da Kano ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, samari da 'yan mata ke cika benci. Da yawa suna ɗauka idan AS ya auri AS, ɗa ɗaya cikin huɗu ne zai kamu, shi ke nan. A'a, kowane ciki da nasa ɗaya bisa huɗun.

Da dare Baba ya ce, "Likita, yaushe za ki fara duba marasa lafiya?"

Na ce, "Baba, ni bincike zan yi. Digiri na biyu a ilimin jini nake so, in yi aiki kan gwada jarirai tun ranar haihuwa, kafin ciwon ya fara kada su."

Ya daɗe bai ce komai ba. Abin da Inna ta ce kuwa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.