Lahadi: na je kallon nama a jikin bango

Yau Lahadin farko ce a wata, ranar da ake shiga wasu gidajen tarihi na Paris kyauta, Allah kuma ya sa ta faɗo a ranar hutuna. Abokin ɗakina ya ce in ƙyale shi da barcinsa, shi bai ga abin da zai fitar da mai hankali cikin wannan sanyi don kallon bango ba. Na sha shayi, na zura rigar sanyi biyu, na hau metro na sauka a Concorde.

Gidan tarihin zane-zane na Orangerie na nufa, can bakin lambun Tuileries. Kusan duk wanda ke layi furannin ruwa na mai zane Monet suka kawo shi, manyan zane 8 da suka zagaye ɗakuna biyu. Na leƙa, na ga kowa ya ɗaga waya sama, sai na gangara ƙasa. Mutumin da na zo dominsa Chaim Soutine ne, ana furta sunan Sutin. Gidan yana riƙe da zanensa 22.

Yadda na san shi abin dariya ne. A kicin ɗin da nake aiki akwai wani kati da aka maƙale a gefen firji tun kafin zuwana, hoton wani yaro mai gashin kek cikin fararen kaya, kunnuwansa fato-fato. Tun makon farko abokan aiki suka ce ɗan'uwana ne, saboda kunnuwan. Shekara biyu ina wucewa ta gabansa da tire a hannu. Yau na je mu gaisa.

Bai kai girman da na zata ba. Yana zaune a kujera, hula a ka, rigar ta yi masa yawa, kafaɗun sun kumbura kamar an cusa auduga, yana riƙe da jan ƙyalle a hannu. Da na matsa sai na ga farin rigar ba fari ba ne. Akwai shuɗi a ciki, da rawaya, da toka-toka, da wani kore mai kama da dauɗa, an laɓta fentin da kauri har ana ganin sawun buroshi. Duk wanda ya taɓa sa farar rigar kicin ya san haka take komawa da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Abin da ya tsayar da ni zaman ne. Na san irinsa: zaman wanda aka ce ya zauna, amma kunnensa na can wurin kiran shugaba. Gaba kaɗan ga wani, yaron otal mai jar falmaran, ya kama ƙugu, yana yi wa mai kallo wani gani-gani. Masu gashin kek, masu ɗaukar kaya, masu hidimar ɗaki, irin mutanen da Soutine ya yi ta zaunarwa a gabansa ke nan. Mu ke nan, in an bi ta ɓarauniyar hanya.

An haife shi a 1893 a Smilavichy, wani ƙaramin gari kusa da Minsk, a lokacin ƙarƙashin daular Rasha, yau cikin Belarus. Shi ne na 10 cikin 'ya'ya 11, ubansa mai facin tufafi ne, gidan Yahudawa masu riƙon addini sosai, inda zana siffar mutum ba abin da ake wasa da shi ba ne. Ana ba da labarin cewa yana yaro ya zana fuskar wani dattijon garin, aka yi masa dukan kawo wuƙa, har aka biya diyya, kuma da kuɗin diyyar ya bar gida ya tafi Minsk koyon zane. Daga nan Vilnius, daga nan Paris a 1913, yana ɗan shekara 20, da Yidish, yaren Yahudawan yankinsu, a bakinsa, aljihu wayam.

Wannan labarin dukan ya tsaya mini a rai, don ni ma na sha nawa, ko da yake bai kai nasa ba. Ina ɗan shekara tara na zana doki da mahayinsa a bayan allona da tawada. Dorina uku na sha, aka sa na wanke. A wurinmu a Maraɗi ado a jikin allo sai zayyana, layuka da murabba'ai da launuka, ba ido ba hanci. Hukuncin wannan na malamai ne, ba ni da bakin magana a ciki. Abin da na sani shi ne ban sake zana komai ba, shi kuwa bai daina ba.

A Paris ya sauka a La Ruche, wani gini mai zagaye da aka yanka ƙananan ɗakuna, matattarar baƙin masu zane da suka zo daga gabashin Turai. Chagall, wani mai zane Bayahude daga can yankinsu, shi ma ya zauna a nan. Gidan yana dab da mayankar Vaugirard. Yunwa ta ci shi ta ƙoshi, har ta bar masa gyambon ciki da bai rabu da shi ba. Modigliani, mai zane Bayahude ɗan Italiya, ya ja shi a jiki, ya zana shi fiye da sau ɗaya, ya kuma haɗa shi da dillalinsa Zborowski. Dillalin ne ya tura shi Céret, kudu kusa da iyakar Sifen, inda daga 1919 zuwa 1922 ya yi zane wajen 200, gidaje da itatuwa duk sun karkace kamar guguwa ta bi ta kansu. Sai ga wani attajirin likita daga Filadelfiya ta Amurka, Albert Barnes, ya ga zanen wani yaro mai gashin kek, ya ruɗe, ya kwashi zane sama da 50 a tashi ɗaya. Dare ɗaya Allah kan yi bature. Ya sami kuɗin cin duk abin da yake so a lokacin da cikin ya riga ya ƙi karɓa.

To, sai naman. A nan na fi daɗewa, har mai gadin ɗakin ta fara kallona.

Ɓarin sa ne a rataye, da kan maraƙi a gefensa, aikin wajen 1925. Ga kuma talotalo figagge, ga zomo. Ni ɗan mahauci ne, a rumfar fawa na yi wayo, ina korar ƙuda da mafici tun kafin in iya ƙirga canji. Na san jan nama da safe, na san yadda yake duhu in la'asar ta yi, na san rawayar kitsen tsohuwar saniya. Duk suna cikin wannan zane. Mutumin ya kalli nama da gaske. Ana cewa ya yi ta zarya zuwa gidan tarihi na Louvre yana tsayawa gaban feɗaɗɗen san da Rembrandt, mai zane ɗan Holan, ya zana a 1655, sannan ya sayo nasa daga mayanka ya rataye a ɗakin aikinsa. Kwanaki yana zane, naman yana ruɓa, in launin ya dushe sai a kwara masa bokitin jini ya dawo ja, har wari ya ishi maƙwabta suka kira hukuma.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne jinin. Yahudawa, kamar mu, yanka suke yi a tsiyaye jini, su har gishiri suke barbaɗawa ya tsotse sauran. Yaron da ya tashi a gidan da ake gudun ɗigon jini a nama, shi ne ya girma yana kwara shi da bokiti. Chagall ya cika zanensa da garinsu, da masu goge da awaki da malamai masu gemu. Soutine bai zana garinsu ba. A ganina dai garin na nan, ya ɓuya ne a cikin naman. An ruwaito cewa ya taɓa ba da labarin yadda yana yaro ya ga mahauci ya yanka dinya, ya so ya yi ihu, fara'ar mahaucin ta sa ihun ya maƙale masa a maƙogwaro. Ni ban taɓa jin haka a rumfarmu ba, gaskiya. Yunwa nake ji. Amma na yarda da shi.

Ƙarshensa ba daɗi. Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Bayahude ba shi da wurin zama, ya dinga ɓuya daga ƙauye zuwa ƙauye. A watan Agusta na 1943 gyambon ya fashe. A motar gawa aka ɗauko shi zuwa Paris, ana bin ta kewaye don kauce wa shingayen bincike, kafin a iso lokaci ya ƙure. An yi masa aiki, ya rasu ranar 9 ga wata yana da shekara 50. A maƙabartar Montparnasse aka binne shi, shahararren mai zane Picasso na cikin 'yan tsirarun da suka raka shi. Na so in biya ta can, amma yayyafi ya sauko, ƙafata kuma ta gaji.

Na tsaya a unguwar Château Rouge na sayi kaza rabi da attaruhu. Bayan magariba na kira gida, na tura wa Baba hoton san ta WhatsApp, ƙanena ya riƙe masa wayar. Ya yi shiru yana dubawa.

"Wannan a ina aka yanka shi?"

"Baba, zane ne. Wani Bayahude ya yi, shekara ɗari ke nan."

"To. Amma sa ne mai kitse. Wanda ya feɗe shi ma ya iya wuƙa."

Na ba shi labarin kwanakin da naman ya yi a rataye, da bokitin jini, da maƙwabta. Ya ce in maimaita. Na maimaita.

"Har ya ruɓe? Ba wanda ya ci?"

"Ba wanda ya ci, Baba."

Ya yi salati, ya ce da a hannunsa ne da ko kilishi an fitar. Sannan ya tambaye ni ko ina cin abinci sosai, don a hoton da na turo wancan makon wuyana ya yi tsawo. Na ce ina ci. Kazar na kan wuta, gobe ƙarfe bakwai nake shiga aiki.