Camaro ɗina ta samu giya ta biyar

Jama'a, yau na fito da motata, Camaro ɗin nan ta 1969, bayan wata uku tana kan jak a gareji, a nan jihar Ohayo ta Amurka.

Giyar da ta zo da ita Muncie ce, mai hawa huɗu, kuma wallahi ina son ta. Matsalarta babban titi. Giya ta huɗu ɗaya-da-ɗaya take da inji, ga aksil ɗin baya 3.73 (wato sai farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya), sai ka ga ina mil 70 a awa inji na juyi kusan 3,400 a minti, yana kururuwa kamar injin niƙa, mai kuwa kamar ana zubar da shi.

Na so in canza ta da giyar T-56 Magnum mai hawa shida, amma sai an yanka ƙasan motar kafin ta zauna. Ƙarfen da ya haura shekara hamsin ba a taɓa shi ba, ni zan sa masa abin yanka? A'a. Na ɗauki Tremec TKX mai biyar, wadda ta shige ba yanka. Da giya ta biyar, wadda a cikinta inji ke juyi 0.68 kacal a kowane juyi ɗaya na farfela, juyin ya sauko wajen 2,300. Har ina jin abin da uwargida ke faɗa.

Kuɗin giyar kaɗai na lissafa, ashe da sauran rina a kaba. Faifan kuloci sabo, don haƙoran sandar sabuwar giyar 26 ne, na tsohuwar 10. Farfela ma sai da aka sake tsawonta. Daidaita kwanon kuloci kuwa ya cinye min Asabar biyu.

Muncie ɗin tana lungu, na lulluɓe ta. Masu tambaya a inbos, ba ta sayarwa ba ce.