Asabar a kogin Madison

Bayan sallar asuba na bar Bozeman, tafiyar kamar awa ɗaya zuwa Ennis, ƙaramin garin nan na jihar Montana a Amurka da ke rayuwa da kiwon shanu da kamun kifi. Sanyin Oktoba ya kori baƙi, kogin ya zama namu. Jagoran da na ɗauka, wani dattijo marar yawan magana, ya duba lasisina, ya miƙo mini wandon roba mai kaiwa ƙirji, muka tura kwale-kwale cikin ruwa.

Ban taɓa ganin fatsa irin wannan ba. Ba tsutsa, ba ƙullu. A jikin ƙugiya ake ɗaura gashin tsuntsu da zare har ta zama tamkar ƙwaro, kuma ba ta da nauyin da za a jefa ta. Nauyin igiyar ne ke kai ta. Sai ka kaɗa sanda baya, ka ɗan dakata igiyar ta miƙe, sannan ka turo gaba. Dakatawar nan ita ce wuyar aikin.

Kafin mu fara, dattijon ya tsaya a wuri marar zurfi, ya ɗago dutse daga ruwa ya juya shi. Ƙasansa cike da ƙananan halittu, wasu sun gina wa kansu gida da yashi kamar guntun tsinke. Ya ce, "Ɗana, wannan ne abincinsu. Wanda bai san abin da kifi ke ci yau ba, zai yini yana wanke igiya." Daga nan ya zaɓi ƙugiya.

Da hantsi hadari ya rufe rana, wasu mitsi-mitsin ƙwari masu fukafukai ruwan toka suka fara tasowa a kan ruwa, kifaye na leƙowa suna tsince su. Ya koya mini in riƙa mayar da igiya ta wajen da ruwa ke gangarowa domin ƙwaron ƙarya ya gangara daidai da gudun kogi. In ya ɗan ja ko kaɗan, tirawut, kifin da muke nema, ba zai taɓa shi ba. Sai ga wani ya haɗiye nawa. Sanda ta lanƙwashe, kifin ya yi tsalle sama, hannuna na rawa har ya shigo koma. Jan layi a gefensa, baƙaƙen ɗige-ɗige har wutsiya. Tabarakallah.

Dattijon ya ce in jiƙa hannuna kafin in taɓa shi, ya zare ƙugiyar, wadda dama ya matse mata ƙaya, muka sake shi.

Zuciyata ta ɗan sosu. Ni da na taso ina ganin masunta na fitowa da giwan ruwa a Argungu, a wurina kifin da ya shiga hannu rabon tukunya ne. Da na faɗa masa, sai ya ba ni tarihi. A da, gwamnati kan zuba kifin kiwo a kogin nan, har binciken wani masani, Dick Vincent, ya nuna cewa hakan rage kifin da aka ƙyanƙyashe a kogin yake yi. A 1974 Montana ta daina zubawa a kogunanta. Duk kifin da ke Madison yau a nan aka ƙyanƙyashe shi. A 1994 kuma aka gano wata cuta mai sa ƙananan kifi su yi ta juyawa, ta hallaka mafi yawan masu jan layin, aka ɗauki shekaru kafin su farfaɗo. Da na ji haka sai na gamsu, wallahi. Kogin da dubban mutane ke zuwa kowace shekara, in kowa ya tafi da nasa, me zai saura?

Na yi azahar a kan tsakuwa, ya jira ni. Ya nuna mini wuraren da tsakuwar ta yi fes a ƙarƙashin ruwa, ya ce kada in taka, nan tirawut mai ruwan ƙasa ke zuba ƙwai a wannan lokaci. Da rani ma, in ruwa ya yi ɗumi sosai, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare.

Da muka fito na shiga wani shago a Ennis na sayi zare da gashin tsuntsu da ƙugiyoyi. Dattijon ya ce in dawo ƙarshen Yuni, lokacin da manyan ƙwari masu tsawon yatsa ke fitowa, amma da sharaɗin in zo da wanda na ɗaura da hannuna. Na amsa masa, in Allah ya kai mu.