Tambayar Yaya

Da sassafe saƙon ya shigo: masu shirya wani taron masana manhaja sun amince in gabatar da jawabi. Minti 25 suka ba ni, kan yadda muka rage wa rumbun bayananmu, wato inda manhajarmu ke adana bayanai, nauyi. Sau uku na karanta kafin na sauko daga gado.

Ofis kamar kullum. Zaman safe, gyaran kurakurai biyu a manhaja, Oga ya ce barka.

Da yamma na kira Yaya in yi mata albishir. Ta yi murna ƙwarai, ta sa albarka, sannan ta ce, "To ƙanena, nawa za su ba ka?" Na ce ko sisi. Kuɗin jirgi da na masauki ma daga aljihuna za su fito, tikitin shiga kaɗai aka yafe mini. Ta yi shiru, har na zaci layin ne ya yanke.

"Kai da aiki, kai da biya? Wato masu shiryawa ne ke kwashe ribar."

Nan fa na dage da bayani. Na ce mata akwai tarukan da kamfanoni ke yi don talla da riba, amma irin wanda zan je, 'yan sa-kai ne ke ɗauke da shi. Na ba ta labarin FOSDEM, taron masu rubuta manhaja da ake yi a Brussels duk shekara, ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, a harabar jami'ar ULB: dubban mutane, shiga kyauta, ko rajista ba a yi. Na faɗa mata PyCon na Amurka, taron masu amfani da harshen rubuta manhaja na Python, wanda aka fara a 2003, rarar kuɗinsa gidauniyar Python take komawa, a tallafa wa wasu da ita. Masu shirya taro tun watanni kafin a sayar da tikiti ko ɗaya suke sa hannu kan hayar zaure, in masu ɗaukar nauyi suka janye, bashin a wuyansu yake. Ko kamfanin O'Reilly mai buga littattafan fasaha, da girmansa, da korona ta zo a 2020, rufe sashen tarukansa na ido da ido ya yi gaba ɗaya.

Ta bari na gama tsaf. "Duk wannan labarin wasu ne. Kai me kake samu?"

Ban amsa mata da kyau ba, shi ke ci mini rai har yanzu. Ina samu. Makonnin da zan yi ina shirya minti 25 ɗin nan, su za su nuna mini inda nake zaton na gane alhali ban gane ba. Aikin da nake yi yau ma daga hirar tsaye ya fito, a bakin ƙofar zaure, da wata baiwar Allah da ta biyo ni da tambaya bayan jawabina na farko. Amma shekara biyu aka yi tsakanin hirar da aikin, kuma babu wanda ya yi mini alkawarinsa.

Abin da ya hana ni barci shi ne wani yaro na sashenmu. Ya fi ni sanin rumbun nan nesa ba kusa ba, rabin dabarar tasa ce. Bai ma nemi yin jawabi ba, don ya san ko an ɗauke shi ba shi da kuɗin tafiya. Sunansa zai fito a shafin farko na jawabin, amma ni masu tambaya za su tsayar a bakin ƙofa.

Gobe zan rubuta wa kwamitin shirya taron in tambaya ko suna da tallafin tafiya, kuma ko za su yarda mu hau mu biyu.