Tutar Belfast da 'yan ta-more

Jiya ina rage tarkace a tsohuwar kwamfutata sai na ci karo da wani hoto da na ɗauka ta tagar bas a Disambar 2012, lokacin ina karatu a Belfast, babban birnin Ailan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya. Hoton ma bai fita sosai ba, hannuna na rawa don sanyi. Samari ne ba su fi goma sha biyar ba, wasu yara ne ƙanana wallahi, sun rufe fuska sun yafa tutar Birtaniya a kafaɗa sun tsaya a tsakiyar titi, 'yan sanda na gefe cikin motocinsu masu sulke suna kallo kamar an gayyato su biki. Direba ya ce kowa ya sauka, nan ne ƙarshen tafiya. Da ƙafa na ƙarasa gida, kunnuwana kamar ba a jikina suke ba.

Duk a kan me? Tuta.

Ran 3 ga Disambar 2012 kansilolin birnin suka kaɗa ƙuri'a, 29 da 21, cewa tutar Birtaniya da ke kaɗawa kullum a saman ginin majalisar birni tun 1906 za a daina ɗaga ta kowace rana, sai a wasu ranaku na musamman da ba su wuce 18 ba a shekara. Ba a ce an cire ta ba fa. Jam'iyyun Sinn Féin da SDLP, masu son haɗewa da Jamhuriyar Ailan, su so suka yi a sauke ta gaba ɗaya, sai jam'iyyar Alliance da ke tsakiya ta ce a'a a raba gardama, a bi tsarin ranakun. To a daren nan aka nemi ɓalla ƙofar majalisar, kuma daga nan aka shiga wata da watanni na tare hanya da jifa da bam ɗin fetur.

Wanda bai zauna can ba zai ce wannan ai neman rigima ne kawai. Ni ma haka na ce da farko. Amma a Ailan ta Arewa tuta adireshi ce. Kana tafiya sai ka ga bakin titi an shafe shi da fenti ja da fari da shuɗi, ka san unguwar 'yan Furotesta ce masu son zama a Birtaniya. Ka sha kwana ka ga kore da fari da ruwan lemo, ka shigo wurin 'yan Katolika. Har tutar Falasɗinu za ka gani a wannan ɓangaren, ta Isra'ila a wancan, abin ya ba ni dariya ranar farko. Ga dogayen katangu a tsakanin unguwanni, wasu da ƙofar da ake kullewa da dare. Duk wanda ya san yadda Jos ko Kaduna suka rabu bayan rikici ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mutum wajen 3,500 aka kashe a rikicin ɓangarorin biyu kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998, kuma da yawa daga masu tare hanyar nan akwai gawa a gidansu.

Tsohuwar da nake haya a gidanta 'yar Furotesta ce, mutuniyar kirki, kullum sai ta tambaye ni ko hita na aiki. Da na tambaye ta me ya yi zafi haka, sai ta ajiye kofin shayinta ta ce, ɗana, ba za ka gane ba, kaɗan-kaɗan ake ƙwace komai, an canja wa 'yan sanda suna, an hana mu bin hanyoyin da muke fareti, yau tuta, gobe me? Ban yarda da lissafinta ba amma na ga tsoro ne na gaske a idonta. Kuma a satin ne aka fitar da sakamakon ƙidayar 2011, Furotesta kashi 48, Katolika kashi 45, tazarar da ada take da faɗi ta kusa rufewa. Ga tashar ƙera jiragen ruwa da ta ci da kakanninsu ta zama kusan kufai, yaran unguwa ba aiki ba karatun kirki.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne waɗanda suka ci riba da wannan tsoron. Na farko 'yan siyasar gida. Kafin ƙuri'ar, jam'iyyun DUP da UUP, masu son zama a Birtaniya, sun raba takardu wajen 40,000, an buga su da launin ɗorawa irin na Alliance, ana cewa a kira ofishinsu a nuna fushi. Kowa ya san inda aka dosa, Naomi Long ta jam'iyyar Alliance ce ta kada shugaban DUP Peter Robinson a kujerar gabashin Belfast a 2010, haushin bai huce ba. Sakamako? Aka yi mata barazanar kisa, aka ƙona ofishin Alliance a Carrickfergus, aka jefa bam ɗin fetur cikin motar 'yan sanda a ƙofar ofishinta da 'yar sanda a ciki. Sai ga masu raba takardun sun fito suna Allah wadai da tashin hankali. Ka kunna wuta ka dawo kana tambayar wa ya kawo hayaƙi!

Sannan sai 'yan ta-more suka iso. Jim Dowson, ɗan Sikotland, wanda ya yi wa jam'iyyar BNP ta masu ƙyamar baƙi aikin tara kuɗi, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Britain First, ita ma ta masu ƙyamar baƙi, a 2011, sai ga shi da lasifika a gaban taro yana jawabi tare da jagororin zanga-zangar, su Willie Frazer da Jamie Bryson. A Afrilun 2013 har jam'iyya suka kafa da Frazer mai suna Protestant Coalition, ba ta taɓuka komai ba a akwatin zaɓe. Gaskiya ba su suka haddasa rikicin ba, shugaban 'yan sanda na lokacin Matt Baggott ma manyan 'yan UVF na gabashin birnin, ƙungiyar 'yan bindigar Furotesta, ya ɗora wa alhakin shirya tarzomar. Su dai sun tarar da tukunya na tafasa ne suka zo da nasu kwanon. Kuma abin da suke sayarwa daban ne, tsohuwata tsoron maƙwabcinta ɗan Katolika take, su kuwa hajarsu ƙin Musulmi da baƙi ce, suna neman kasuwa. A 2017 mataimakiyar shugaban Britain First, Jayda Fransen, ta zo Belfast ta yi jawabi kan Musulunci, kotu ta same ta da laifin hura ƙiyayya a 2019.

Tutar fa ba ta koma kaɗawa kullum ba. An kashe fam miliyan ashirin da wani abu wajen aikin 'yan sanda, yara da dama sun samu tabon kotu a takardunsu, tsohon jami'in diflomasiyya Richard Haass ya zo daga Amurka sulhu a ƙarshen 2013 ya koma hannu rabbana. Ranar farko da aka sake ɗaga tutar ma, 9 ga Janairun 2013, don zagayowar ranar haihuwar Kate matar Yarima William ne.

Ran 3 ga Agustan 2024, muna nan ana ta cece-kuce kan tutar Rasha a zanga-zangar Kano, wani abokina ɗan Sudan da muka yi zama tare ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Gaban ginin majalisar nan dai, masu zanga-zangar ƙin baƙi, wasu sun taso tun daga Dublin, ga tutar Birtaniya ga tutar Ailan kafaɗa da kafaɗa, abin da na rantse ba zan taɓa gani ba. A daren aka ƙona shagon shayin wani ɗan ƙasarsu da kantin wani ɗan Siriya a kudancin birnin. Na kira shi na ce ɗan'uwa kuna lafiya? Ya ce lafiya lau, amma ya ce wa matarsa kada ta fita da hijabi sai ƙura ta lafa, shi zai riƙa zuwa cefane.